Zuriyar Mai Tozali

Ranar da aka raɗa wa ɗana na fari suna, na ware masa karsana ɗaya daga garkena, kamar yadda ubana ya yi mini. Fara ce, da baƙi kewaye da idanunta, shi ya sa muke ce mata Mai Tozali. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ta mutu tuntuni, amma ta bar 'ya'ya, 'ya'yan suka haihu. Nawa shanun sun ƙare a hidima: aurar da 'ya'ya mata huɗu, aikin hajji, da jinyar uwarsu, Allah ya jiƙanta. Yau duk abin da ke kwance a bayan gidana, nan gefen Gwandu ta hanyar Dalijan, nasa ne. Ba a faɗin yawan shanu, ba kuma zan faɗa ba. Sun dai fi ƙarfin tsoho ɗaya.

Shi mai shanun yana Faransa. Ya yi karatun likitan dabbobi a Sakkwato, ya samu hanyar ƙarin karatu a can, ya tafi, ya zauna. Shekara goma sha uku. Yana duba shanun Turawa, nasa suna hannuna.

A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari. Ba ya zama hira da shi, ba ya ɗaukarsa yana jariri a gaban mutane. Haka na taso, haka na yi. In akwai magana tsakaninmu, uwarsa ke aika ƙannensa da ita. Da ta rasu, aikin ya koma kan Ruƙayyatu, autata da ke aure a Kalgo. Ita ke da waya, ita ke kai saƙo ta kawo amsa.

Saniyar da aka ba yaro ranar suna ba ta uba ba ce. Zai kiwata, zai sha nononta, amma ba zai kai ta kara, kasuwar shanu, ba sai mai ita ya ce a kai. Sau uku na aika Ruƙayyatu ta tambaye shi me yake so a yi da shanunsa. Sau uku amsa ɗaya ta dawo: yadda Baffa ya ga dama. Wannan ladabi ne, amma ba amsa ba ce.

A ranin bara na faɗi a fadama. Burtalin da muke bi tun ina yaro masu shinkafa sun cinye shi, sai an kewaya ta kan tudu kafin a kai mashaya. Gwiwa ce ta ƙi ni. Na kwanta tun hantsi har azahar, shanu suna tsaye a kaina suna tuƙa. Ɗalha ne ya tsince ni, ɗan goggona, abokin wasana, wanda bakinsa bai taɓa hutawa ba tun muna yara. Ya aza ni a kan babur ɗinsa, ya yi ta magana har gida.

"Lawali, wanga girman kai naka shi zai kashe ka. Ka ɗauki waya ka ce, Ubaidullahi, na gaji. Mi ya yi zahi a ciki? In sunan ne ya yi maka nauyi, ni in riƙa faɗa maka shi, kai kana nuni da sanda."

Na ce masa maganar shanu ba a yin ta a waya. Na kuma gargaɗi Ruƙayyatu kada ta kuskura ta gaya wa yayanta na faɗi. Ba na son a zo mini don tausayi.

Shi mai shanun ya daɗe yana aikowa a ce mini in je in ga gidansa. Kullum ina cewa wa zan bar wa shanu. Bayan faɗuwar nan na hau mota na tafi Kalgo, na ce wa Ruƙayyatu ta gaya masa zan zo. Ta ajiye ludayin da ke hannunta ta dube ni.

"Baffa, kai da ko Argungu sai an yi maka magiya? Me za ka yo a can?"

Na ce zan ga wuri. Ta ce to, Allah ya sa wurin ya gan ni. Ta san dalilin, ita ma ba ta faɗa ba.

Wata biyar aka yi ana neman takardu. Fasfo a Birnin Kebbi, biza a Abuja. A can suka ce in ɗora yatsuna a kan wani gilashi, injin ya ƙi karanta su. Igiya da sanda sun shafe zanen. Yarinyar da ke aikin ta shafa mini mai, ta danna, ta sake dannawa, sai a karo na shida ya yarda ni mutum ne. Na bar garke a hannun Ɗalha da wani makiyayi da ya samo daga Ceberu, na kwana biyu a Kalgo, mijin Ruƙayyatu ya raka ni har filin jirgi.

Ban ga abin yabo a jirgin sama ba. Na shige shi zuwa Makka, bai sake ba. Zama ne kamar an ɗaure maraƙi a dangwali.

Mai shanun ya tarye ni a Faris. Ya yi ƙiba, furfura ta fara fito masa a gemu. Ya durƙusa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, idonsa a ƙasa. Na amsa ina duban wani wuri. Ya ɗauki jakata. Muka shiga jirgin ƙasa, ya zauna a kujerar baya da tawa, ba kusa da ni ba. Na ji daɗin wannan. Ƙasar Turawa ba ta cire masa tarbiyya ba.

Yankin da yake zaune suna ce masa Normandi, can arewa, wajen teku. Tun daga cikin jirgi na fara ganin ciyawa. Ban taɓa ganin irinta ba. Kore har inda ido ya tsaya, an raba ta da shingen itatuwa, kowane fili da 'yan shanu a ciki suna kwance ba mai tsaronsu. Na yi ta dubawa in ga makiyayi, ko mutum ɗaya mai sanda. Babu. Raina ya ɓaci, ban san dalili ba.

Gidansa yana gefen wani gari, Lisiyo. Matarsa Maimuna 'yar Dogon Dutsi ce, ta can Nijar, Hausarta irin tamu. Ta durƙusa daga bakin ƙofa, ta kawo ruwa, ta janye. Suna da 'ya ɗaya, A'isha, shekararta huɗu. Ita ce kaɗai a gidan ba ta da kunyar kowa. Ta zo ta tsaya a gabana, ta ja bakin rawanina, ta ce wani abu da Faransanci. Maimuna ta ce daga ɗakin girki, wai tana tambaya ko ciwon kai nake yi aka ɗaure mini. Na ce a gaya wa uwargida ciwon ganinta ne, ta yi muni da yawa. Da aka fassara mata, ta tafi ta ɗauko madubi ta miƙo mini.

A daren farko, in ana iya ce masa dare, na gane kuskurena. Na zo da magana, ban zo da mai kai ta ba. Ruƙayyatu tana Kalgo. Maimuna suruka ce, tsakanina da ita gaisuwa. A'isha ba ta jin Hausa sai "zo" da "bari". Ga ni ga shi a gida ɗaya, bango ɗaya tsakaninmu, kuma ya fi mini nisa da lokacin da nake Gwandu.

Kwana goma sha biyu zan yi. Ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya tsara kowace rana da inda za a kai ni.

Rana a ƙasar nan ba ta son faɗuwa. A lokacin da na je, sai wajen ƙarfe goma ake magariba, kafin mutum ya yi isha ya kwanta, asuba ta zo. Barci bai ishe ni ba ko sau ɗaya. Da safe Maimuna ta ba ni kunu, ta ba ni rigar sanyi mai nauyi, mu shiga mota. Shi yana tuƙi, ni ina gefensa, su biyu a baya. In zai gaya mini wani abu, gilashin gaba yake gaya wa.

"Waɗannan itatuwan tuffa ne," ya ce wa gilashi.

"To," na ce wa gilashi.

Aka kai ni wata babbar coci a kan tudu. Matakala ta fi ƙarfin gwiwata, na zauna a ƙasa na jira su. Aka kai ni kasuwa, inda wata mata ta yanko mini cuku a kan wuƙa. Warinsa kamar an manta ƙwaryar nono a ɗaka mako biyu. Na ci don kada a ce na raina abincin mutane. Aka nuna mini gidaje na katako da ƙasa, wasu da jinkar ciyawa, wai sun fi shekara ɗari uku. Na ce a raina, ashe su ma sun san jinka.

Rana ta huɗu aka kai ni teku. Akwai wasu fararen duwatsu tsaye a bakin ruwa, dogaye, ruwa ya huda ɗaya ya yi masa ƙofa. Mutane suna ta ɗaukar hoto. Iska ta kusa raba ni da rawani. Maimuna ta ja A'isha suka gangara wajen tsakuwa, na ga da gangan ta yi. Muka tsaya mu biyu, taku uku tsakaninmu. Na shirya maganar tun a mota. Na buɗe baki, sai na ji na ce ruwan nan ba ya shayuwa. Ya ce wa teku, e, gishiri ne. Muka tsaya har suka dawo.

Wata rana aka kai ni maƙabartar sojojin da suka mutu a babban yaƙi. Fararen alamu a jere, sahu bayan sahu, ciyawa an aske ta kamar kan ango. Ya ce yawancinsu yara ne, daga ƙasashe masu nisa, iyayensu da yawa ba su taɓa ganin kabarin ba. Na cire takalmi, ban san ko haka ake yi ba. Ban so wurin ba. Na ce a mayar da ni mota.

Abu ɗaya ne ya tsayar da ni a duk yawon nan. Mun yi doguwar tafiya zuwa wani dutse mai gini a kansa, a tsakiyar ruwa. Ruwan yakan janye ya bar fili, ya kuma dawo. A filin akwai tumaki suna kiwo. Na ce a tsaya. Na tsinko ciyawar na tauna, gishiri a cikinta. Dabbar da ke cin wannan ba ta neman kanwa. Na tuna buhunan da nake ɗauka a ka, da rijiyar da nake ja a watan bazara. Su suka tafi kallon ginin, ni na zauna wajen tumaki har la'asar.

Da kwanaki suka yi nisa na lura da wani abu. Duk lokacin da gida ya yi shiru, muka rage mu biyu a falo, sai ya tashi ya ce zai duba mai a mota, ko ya tuna wani wuri da ban gani ba. Yawon nan ba don ni kaɗai ake yin sa ba. Gudu yake yi. Ya san ban ƙetare ƙasashe don in ga tuffa ba. Ni ma in na ga ya tashi, sai in ji sauƙi. Na yi fushi da shi, na yi fushi da kaina, gwiwa kuma tana ta zugi saboda sanyi.

Ruƙayyatu ta kira a rana ta tara. Maimuna ta kawo mini wayar a kan faranti kamar goro.

"Baffa, ka ga wurin?"

"Na gani."

"Shi ke nan? Wuri kawai ka gani?"

Na tambaye ta ko ruwa ya sauka a Kalgo. Ta ce an yi yayyafi, Baba Ɗalha kuma ya aiko a gaya mini makiyayin Ceberu zai koma gonarsa da ruwan farko, in na ga dama in zauna in auri Baturiya. Na miƙa wa Maimuna wayarta.

Saura kwana biyu in tafi, da hantsi, aka kira ɗana a waya. Ina jin sa a ɗaya ɗakin yana magana da Faransanci da sauri. Maimuna ta ce wani manomi ne da ya saba da shi, saniyarsa ta kasa haihuwa tun asuba, likitan da ke riƙe masa aikin kuma yana wani gari. An shirya kai ni kallon wata gada ranar. Na ɗauki sandata na fita na zauna a mota kafin ya fito. Ya gan ni a ciki. Ya koma ya ɗauko takalman roba, ya ajiye a gaban ƙafata.

Gonar tana ƙarshen wata siririyar hanya. Mai ita tsoho ne kamar ni, gajere, ja, hannunsa da kanta. Da muka gaisa ya juya tafin hannuna ya duba, ya nuna nasa, ya yi dariya. Ya yi tambaya, ɗana ya fassara wa bango: wai shanu nawa gare ni. Na ce a gaya masa alhamdu lillahi. Nasa kowace da lamba a kunne, rawaya, kowa ya ga dama ya ƙirga.

Saniyar tana kwance a kan busasshiyar ciyawa a cikin wata babbar rumfa. Babba ce, fara da dabbare-dabbaren ja. Da ta ɗago kai ta dube ni, sai na tsaya. Baƙi kewaye da idanunta, duka biyu. Na waiga, sauran da ke bayan shinge su ma haka, kusan dukkansu. Ashe irin shanun ƙasar ke nan. Ashe shekara goma sha uku ɗana yana tashi kullum yana duban wannan fuskar.

Ya tuɓe riga, ya wanke hannu, ya sa doguwar safar hannu har kafaɗa. Maraƙin ya zo da ƙafa ɗaya a lanƙwashe. Saniyar tana ta yunƙuri tana bugun kai, tsohon ya kasa riƙe ta. Na ajiye sanda na durƙusa, na kama kunnenta, ina sosa mata ƙarƙashin wuya ina yi mata irin kiran da nake yi wa namu. Ba ta jin harshena, amma ta lafa. Shi kuma ya tura maraƙin baya, ya jira ta huta, ya lalubo ƙafar, ya rufe kofaton da tafinsa don kada ya yage ta, ya miƙo ta. Bai yi gaggawa ba. Ban taɓa zaunar da shi na koya masa wannan ba. Yana ɗan shekara tara yakan tsaya daga nesa in ina yi, ni kuma ina yi kamar ban san yana nan ba.

Maraƙar ta faɗo, mace. Ba ta motsi. Ya share mata hanci, ya tsinko karan ciyawa ya sa mata a ciki. Ta yi atishawa. Tsohon ya buga masa kafaɗa, ya ce zai je ya dafa kofi, ya fita.

Muka rage mu biyu da saniya. Yana tsugune yana wanke hannu a bokiti, ya ba ni baya. Ni ina nan durƙushe, don gwiwa ta ƙi tashi. Kunnen saniyar yana hannuna. Na ga in na bar rumfar nan, sai dai in koma Gwandu da abin da na zo da shi.

"Ke," na ce wa saniyar, "kina da 'yan uwa a Gwandu. Mai su ya bar su a hannun tsoho. Tsohon ya gaji."

Ruwan bokiti ya daina motsi. Sannan ya juyo, ba wajena ba, wajen saniyar.

"Ki gaya masa mai su ya sani."

"In ya sani, ko ya zo ya karɓi abinsa, ko ya ce a sayar. Ɗaya daga ciki, da bakinsa. Yadda Baffa ya ga dama ba magana ba ce."

Ya ɗauki ciyawa yana goge maraƙar, ko da yake uwar ta riga ta fara lasarta. Ya gaya wa saniyar cewa shekara da shekaru yana juya maganar nan. In ya ce a sayar, ya ce ba zai komo ba ke nan, kuma bai san yadda ɗa ke gaya wa ubansa haka ba. Ya ce kuma yana tsoro. Ya ga tsofaffin da aka raba da garke, ba sa kai shekara. Yana ganin shanun nan ne ke tayar da Baffa da asuba.

"Su suka kwantar da shi a fadama bara," na ce. "Tun hantsi har azahar. Ɗalha ya tsince shi."

Hannunsa ya tsaya. Ya ce ba wanda ya gaya masa. Na ce wa saniyar ni na hana.

Sai ya dube ni. Tun yana yaro bai taɓa duban idona ba. Ni na kawar da kai, don ɗaya daga cikinmu ya kamata ya riƙe mutunci.

"Ba zan komo in zauna ba, Baffa," ya ce. "Zan riƙa zuwa. Amma kiwo, ba zan komo masa ba. A sayar."

Abin da na zo nema ke nan. Na samu. Ban san sai a lokacin ba cewa ɗayar amsar nake jira, tun daga Kalgo, tun daga ranar da na ware Mai Tozali. Na ce to. Na ce Allah ya yi albarka. Na sa hannu a bayan saniyar zan tashi, na kasa. Ya zo ya kama ni ta hammata ya ɗaga. Hannunsa da sanyi, da ƙarnin haihuwa.

Muna jin takun tsohon yana dawowa da kofi, sai ya sake juyawa wajen saniyar, da ƙaramar murya.

"Ki tambaye shi. A'isha, ba wanda ya ware mata komai ranar sunanta. In akwai karsana mai irin idon nan, ko za a bar ɗaya."

Akwai. Ya san akwai, ba a rasa ɗaya a kowace shekara. Na tuna tudu da mashaya. Yarinyar ba ta jin Hausa, ba ta san kanwa ba, wataƙila ba za ta taɓa riƙe sanda ba. Amma jikata ce, kuma gaskiya ne ba a ware mata ba. Wannan laifina ne, ba nasa ba.

"Ki ce masa an bari," na ce.

Kofin ya yi ɗaci. Na shanye.

Ba a je kallon gadar ba. Kwana biyun da suka rage na yi su a gida ina barci. Ranar tafiya A'isha ta ba ni madubinta, wai in tafi da shi in riƙa ganin abin da na yi wa mutane. Ya raka ni har Faris, ya durƙusa, na amsa ina duban wani wuri.

Na sauka a Kalgo ana ruwa. Ruƙayyatu ta bari na ci abinci kafin ta tambaya. Na gaya mata a taƙaice. Ta yi hamdala, sai da na kai kan karsanar, ta riƙe haɓa.

"Baffa, ka je har bakin teku don ka ajiye igiya, ka dawo da ita a hannu?"

Na ce guda ɗaya ce. Ta ce Mai Tozali ma guda ɗaya ce.

Cikin mako uku aka kwashe su zuwa kara, kashi-kashi. Ɗalha ya tsaya a kan cinikin, ni ban je ba. Ranar da aka kora na ƙarshe na zauna a zaure na ba hanya baya har ƙarar kofato ta ɓace. Bayan gida ya yi faɗi. Turaku a tsaye ba komai a jikinsu, sai ɗaya.

Yanzu da safe nakan kwance karsanar A'isha mu fita. Ba ma zuwa fadama, gefen gonaki ya ishe mu. Tana tafiya a hankali, kamar ta san da gwiwa. Jiya Ɗalha ya tsaya da babur ɗinsa a bakin hanya, ya daɗe yana dubanta, ya kewaya ta, ya taɓa cikinta.

"Lawali, ka ko san saniyar Baturiyar jikar taka ta ɗauka?"

Na sani tun kafin in zaɓe ta. Na ce masa ya matsa, yana tare mata ciyawa.